Abin da na gani a Kafarnahum da Kumran

Kwana tara ke nan da dawowarmu daga ziyarar ƙasar Isra'ila, amma har yanzu idan aka ce "majami'a" sai hankalina ya koma Kafarnahum, a bakin Tekun Galili. A can mai yi mana jagora ya tsayar da mu cikin wani kango na fararen duwatsu, ya ce ginin na ƙarni na 4 ko na 5 ne, sannan ya nuna baƙaƙen duwatsun da ke ƙarƙashinsa, waɗanda masana da dama ke ganin su ne harsashin majami'ar zamanin Yesu. A Kaduna kowane coci majami'a muke ce masa, alhali asalinta ɗakin taron Yahudawa ne, inda ake karanta Attaura da littattafan annabawa ranar Asabar.

A wurin ya warware mana kalmar Almasihu. Da Ibrananci "Mashiah" ne, wato wanda aka shafe da mai, domin da mai ake naɗa sarakunan Isra'ila kamar yadda ake naɗa namu da rawani. Da harshen Girka aka fassara ta "Kiristos", kuma daga nan aka sami sunan Kirista, wanda aka fara kiran almajirai da shi a Antakiya.

Kumran, kusa da Tekun Gishiri, ta fi girgiza ni. Zafin wurin ya kai na Sakkwato da bazara, kuma kuɗin ƙaramar gorar ruwa zai sayi tuwo har da nama a gida, abin da nake ganin rashin tausayi ne ga baƙo. A kogunan duwatsun nan makiyaya suka tsinci tsofaffin naɗaɗɗun littattafai a 1947, cikinsu har da na Annabi Ishaya. Da na tsaya kan matakalar wani kwarmin wankan tsarki, wanda Yahudawa ke kira "mikwe", sai na fahimci cewa mutanen da suka je wurin Yahaya Mai Baftisma a Kogin Urdun sun daɗe da sanin nutsewa cikin ruwa domin tsarki. Tuba da ya haɗa da ita ce ta bambanta baftismarsa.

Daren Juma'a jagoran namu ya gayyaci mu huɗu gidan mahaifinsa. Dattijon ya ɗaga ƙoƙon inabi ya sa albarka, ya gutsura gurasa ya miƙa wa kowa, ni kuwa idona ya cika da hawaye, domin jibin Ubangiji nake gani a teburin iyali. Bai bar mu muka tashi ba sai da ya ƙara mana kifi sau biyu.

A Urushalima mun taɓa Bangon Yamma, ragowar katangar farfajiyar Haikalin da Romawa suka rushe a shekara ta 70 bayan haihuwar Yesu. A Baitalami na sayi gicciyen itacen zaitun da rabin kuɗin da aka fara yi mini suna, bayan doguwar tayayya.