Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwana tara da saƙo a aljihu

A makon jiya mun tsaya ne a inda saƙon makaranta ya shigo wayata ina tsakiyar aiki a ɗakin gwaji na asibiti. Na karanta shi sau uku a tsaye, na mai da wayar aljihu, na ci gaba da shafa jini a kan gilashi kamar babu abin da ya faru. To, haka na yi kwana tara ban gaya wa kowa ba, har uwargida.

Sun ɗauke ni. Digiri ne a fannin gwaje-gwajen asibiti, karatun da na baro a 2008 ina aji biyu, lokacin da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa ya bar ni da ƙanne huɗu. Sai dai a ƙasan saƙon akwai layi biyu da suka sanyaya mini gwiwa. Darussan da na ci a wancan zamani sun tsufa, 'yan kaɗan ne za a lissafa mini, don haka daga aji biyu zan sake tashi. Shekara huɗu ke nan, ban da shekarar koyon aiki. Makarantar kuma tana wani gari, tafiyar yini guda cur a mota. Mako uku suka ba ni in amsa. Wannan a 2023 ne, ina da shekara 39, da mata, da 'ya'ya uku, da tsohuwa a ɗakin da ke kusa da nawa.

Wanda bai san aikinmu ba zai ce me ya kai ni neman, tunda ina da abin yi. Bari in ba ku misali ɗaya. In za a duba zazzaɓin cizon sauro a jini, shafi biyu ake yi a kan gilashi, mai kauri da siriri. Siririn ana tsoma shi a wani ruwan sinadari mai suna metanol don ya kafe, ƙwayoyin jini su tsaya yadda suke a gane irin cutar. Mai kaurin kuwa ba a kai masa metanol, so ake jajayen ƙwayoyin su fashe a cikin rinin Giemsa, ƙwayar cutar ta fito fili. Kusan duk sabon ma'aikacin da aka kawo mana da digirinsa sai ya taɓa tsoma duka biyun, ya zo ya duƙa a kan madubin duba ƙwayoyin cuta yana ganin duhu. Ni nake janye shi gefe in nuna masa, a hankali don kada ya ji kunya. Bayan wata shida shi zai riƙa sa hannu a sakamakon da na duba, domin doka ba ta ba ni ikon sa hannu ba. Ban ga laifin dokar ba, jinin mutane ba abin wasa ba ne. Amma shekara goma sha biyar ina koya wa shugabannina aiki, kuma albashina yana nan inda matakin takardata ya tsayar da shi. Abin yana cin rai, ko mutum bai faɗa ba.

Daren farko abin da ya hana ni barci shi ne kaina. Shin ƙwaƙwalwar nan za ta iya? Na lalubo tsohon littafina na kimiyyar sinadarai daga ƙasan akwati, na buɗe inda na taɓa ja wa layi da jan biro, na ga rubutun hannuna a gefe amma ban gane abin da nake nufi ba. Kamar wasiƙar wani na tsinta. Na rufe. Washegari na sake buɗewa, na zauna da babi ɗaya har ƙarfe ɗaya na dare, sai na ga abin yana dawowa da saurin da ban zata ba. Daga baya na karanta cewa wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kan kansa ya wallafa a 1885. Ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage masa bayan awa, bayan kwana, bayan wata. Ya gano mantuwa ta fi ɓarna a farkon lokaci, sannan ta lafa, kuma abin da mutum ya taɓa koya ya fi saurin shiga a karo na biyu ko da yana ganin ya ɓace sarai. Kafin kwana na huɗu na sallami wannan tsoron. Ashe shi ne ƙarami.

A kwana na biyar na ɗan tsegunta wa wani abokin aikina, ba tare da na ce ni ne ba. Ya harbo jirgina nan take, ya yi dariya ya ce gemu ba ya hana ilimi. Da yamma ya turo mini labarin Kimani Maruge, dattijon Kenya da ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84, da na Nola Ochs, wata tsohuwa a Amurka da ta karɓi digirinta a 2007 tana da 95. Na gode masa, don da zuciya ɗaya ya yi. Amma irin waɗannan labarai tambayar shekaru suke amsawa, ni kuwa na riga na wuce nan. Tawa tambayar ta haya biyu ce, da tukunya biyu, da wanda zai tashi in Inna ta yi kira cikin dare.

Na duba hanyar karatu daga gida, kada ku ce ban duba ba. Ba sabon abu ba ne a duniya. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu tun 1946 take koyarwa ta hanyar wasiƙa, Ingila kuma ta kafa Open University a 1969, ɗalibanta na farko suka fara a 1971 suna bin darasi ta rediyo da talabijin. Bayan annobar korona ta 2020 kuwa kowa ya ga aji yana shiga cikin waya. Da lissafin kuɗi ko harkar mulki nake nema, da tuni na yi rajista ina kwance a ɗakina. Amma fanninmu na hannu ne. Ba a koyon shuka ƙwayar cuta ko haɗa jinin da za a ƙara wa mara lafiya ta intanet, kuma hukumar da ke ba da lasisi sai ta ga mutum ya yi sa'o'insa a ɗakin gwaji. Wannan ƙofar a rufe take.

Saura hanya uku: in tafi ni kaɗai, ko mu kwashe gaba ɗaya, ko in goge saƙon in yi shiru har abada, tunda babu wanda ya sani a gida. Ba zan ɓoye muku ba, ta ukun ta fi kwanta mini a rai, kuma shi ya sa na ƙi faɗa. Muddin ban faɗa ba, babu mai cewa na ji tsoro.

A dare na tara na ɗauko takarda na ja layi a tsakiya, riba a dama, hasara a hagu. Ina cikin rubutu uwargida ta shigo ta tsaya a kaina. Na kife takardar, ta miƙo hannu ba ta ce komai ba. Na ba ta, na haɗa mata da wayar.

Ta daɗe tana karantawa. Sannan ta zauna a bakin gado ta ce, "Baban yara, kwana nawa da zuwan wannan?"

Na ce tara.

"Tara." Ta jinjina kai. "To, lissafinka bai cika ba. Duk abin da ka rubuta a hagu naka ne. Albashinka da zai ragu, hutun da ba lallai su ba ka ba, zama aji da sa'o'in ƙannenka. Ina namu?"

Ta karɓi biron. Kekenta na ɗinki zai shiga mota, in ji ta, amma matan da ta yi shekara goma tana tarawa ba za su biyo ta ba, a sabon gari daga sifili za ta fara, a daidai lokacin da gidan zai koma kan kekenta. Babbar 'yarmu saura mata shekara biyu ta zana jarrabawar fita sakandare, in aka cire ta yanzu an yi mata sagegeduwa. Inna ta saba da likitanta da maƙwabtanta, tsoho kuwa in aka tumɓuke shi daga inda ya saba ba kasafai yake kamawa ba. In kuma ni kaɗai na tafi, to ita ce uwa ita ce uba, ita ce mai jinya, shekara huɗu. Ta cika gefen hagu har ta juya bayan takardar. Ina kallon rubutun nan kunya ta rufe ni, domin kwana tara na yi ina tausayin kaina a matsayin wanda zai sha wahala, alhali ni ne kaɗai sunana zai hau kan takardar shaidar.

Na ce shi ke nan, an bar maganar.

Ta ce, "Ni ban ce a bari ba. Cewa na yi ka san abin da kake roƙo, sannan ka roƙa. Kuma ba ni kaɗai za ka roƙa ba."

Da safe na shiga wajen Inna da na'urar awon sukari kamar kullum. Na wanke mata hannu, na tsane shi, na soki gefen yatsa, na jira lamba ta fito. Ina naɗe kayan na faɗa mata, a gajarce, na kuma yi saurin ƙarawa da cewa ba zan je ba, ba zan iya barin ta a wannan hali ba. Na ɗauka za ta sa mini albarka.

Inna ta dube ni irin kallon da rabona da shi tun ina yaro. Ta ce, "Ɗan nan, zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Shekara goma sha biyar duk wanda ya tambaye ka sai ka ce saboda mu ka bar makaranta. Gaskiya ne, kuma Allah ya saka maka. Wancan na ɗauka, ina ɗauke da shi har yau, ko ka san da haka ko ba ka sani ba. Amma na biyu ba zan ɗauka ba. In tsoro kake ji, ka ce tsoro kake ji. Kada ka rataya mini."

Ban taɓa sanin abin yana damunta ba. Ni a wajena labarin barin makarantata abin alfahari ne, na sha ba da shi a gabanta, da baƙi da 'yan gida, tana zaune tana jan carbi. Ban taɓa juyawa na dubi fuskarta ba.

Na ce, "Inna, wa zai riƙa duba miki sukarin?"

Ta ce, "Waɗanda kake koya wa aiki a asibiti kawuna biyu gare su? Kira mini takwarata."

Haka aka yi na tsinci kaina a ranar ina koya wa 'yata mai shekara goma sha huɗu abin da na saba koya wa masu digiri. A gefen yatsa ake soki, ba a tsakiya ba, ya fi sauƙin zafi. A canza yatsa kullum. A rubuta lamba da lokaci a littafi. In ta ga ƙasa da 70, ko ta ga kakarta tana gumi tana rawar jiki, ta ba ta abu mai zaƙi nan take sannan ta kira uwarta, ba sai ta neme ni ba. Hannunta ya yi rawa a karon farko, jinin bai isa ba, na'urar ta ƙi karantawa. Inna ta miƙa mata wani yatsan tana tsokanarta, wai kishiya ta samu damar huce haushi. A karo na biyu lamba ta fito. Yarinyar ta rubuta ta da kyakkyawan rubutu, ta ɗago ta ce, "Abba, in ka je can, kai ma za a riƙa duba maka littafi?"

Da daddare muka tsayar da magana ni da uwargida: shekarar farko ni kaɗai zan tafi, in kama ɗaki ɗaya kusa da makaranta, in nemi aikin dare a wani ɗakin gwaji, in riƙa zuwa gida ƙarshen kowane wata. In 'yarmu ta gama jarrabawa a sake zama. Ta kafa sharaɗi ɗaya, cewa kafin in amsa wa makaranta sai na kira ƙanena, wanda na biya wa karatu har ya gama, na gaya masa a fili cewa maganin Inna ya koma wuyansa. Ta san abin da ta zaɓa. Ban taɓa roƙon yaron nan ko allura ba, kuma na fi son a ce in sake aji ɗaya da in yi.

Na yi ta juya wayar a hannu har kusan sha ɗaya. Da na kira, bugu biyu ya ɗauka.

"Yaya, lafiya da daren nan?"

Abin da ya biyo baya, da yadda takardar neman hutun karatu ta yi mako biyu a kan teburin wani ba a ko buɗe ta ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.