Saitin Kwantirolar Sola da Rayuwar Batir a Ƙasa Mai Zafi

A cikin shekara tara da na kwashe ina haɗa wutar sola a Kano da ƙauyukan kewayenta, babu ƙorafin da na fi ji kamar na mutuwar batir kafin lokacinsa. Mutum zai zo ransa a ɓace ya ce an sayar masa da jabu, wani lokacin kuma gaskiyarsa ce, domin jabun yana nan a kasuwa. Sai dai sau da yawa idan na je na duba, nakan tarar lafiyayyen batir aka saya, saitin kwantirolar caji, wato akwatin da ke daidaita wutar da farantan sola ke turawa cikin batir, shi ne ya kashe shi sannu a hankali, saboda wanda ya yi aikin ya ɗaure wayoyi, ya ga fitila ta kama, ya karɓi kuɗinsa ya tafi ba tare da ya taɓa maɓalli ko ɗaya ba.

Abu na farko da nake koya wa yaran shagona shi ne su haɗa batir da kwantirola kafin farantan sola, domin daga batirin take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko na 24. Na biyu, su karanta jikin batirin su san irinsa, ko mai ruwa ne irin su tubula, ko rufaffe ne irin su AGM da jel. A tsarin bolt 12, mai ruwa yana son a kai shi tsakanin 14.4 da 14.8 a riƙe shi a nan kamar awa biyu har ya ƙoshi, AGM wajen 14.4, jel kuwa ba ya son ya wuce 14.2. Bayan ya cika sai kwantirola ta sauko zuwa tsakanin 13.5 da 13.8 ta tsare shi a nan har rana ta faɗi. A tsarin 24 ana ninka waɗannan lambobi biyu, a na 48 a ninka huɗu, kuma idan takardar kamfanin da ya ƙera batirin ta faɗi wani abu dabam, ita nake bi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk waɗannan lambobi an tsara su ne a kan zafin digiri 25, alhali a watan Afrilu zafin Kano yakan haura 40, ɗakin ajiyar batir mai rufin kwano kuwa ya fi waje zafi. Batir mai zafi ba ya bukatar ƙarfin cajin da mai sanyi yake bukata. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce a rage milibolt 3 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a kowane ɗaki na batir a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, kuma da yake batir mai bolt 12 ɗaki shida gare shi, a zafin digiri 40 ragin zai kai bolt 0.27, wato 14.6 ta koma wajen 14.3. Wanda bai san aikin ba zai raina wannan bambanci, amma shi ne yake ƙone ruwan batir ya cinye farantan dalmar da ke cikinsa, ga shi dama ƙarin digiri goma a kan 25 yakan rage kusan rabin kwanansa. Kwantirola mai kyau tana yin wannan lissafi da kanta idan an manna 'yar wayar auna zafi a jikin batirin, kuma abin yana damuna ƙwarai idan na tarar an jefar da wannan waya tare da kwali.

Bara wani mai kemis ya kira ni saboda firjinsa na magani ya daina kwana da wuta. Batiran jel biyu ne masu amp 200, ko shekara ba su cika ba, amma cikinsu ya kumbura har robar ta lanƙwashe. Da na duba kwantirolar sai na ga tana kan saitin batir mai ruwa, wanda yake ɗaga caji sau ɗaya a wata don ya daidaita ɗakunan. Na ce masa, "Alhaji, ba a cuce ka wajen sayen batir ba, wajen saiti aka yi maka sakaci." Ya dube ni ya ce, "Malam, ashe wannan ɗan akwatin ma saita shi ake yi?" Rufaffen batir ba shi da bakin da za a mayar masa da ruwan da ya ƙone, shi ya sa nake kashe wannan caji gaba ɗaya a kan jel. Mai ruwa kuwa yana amfana da shi, muddin an duba ruwansa an ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na rijiya ko na leda ba, an kuma buɗe taga, domin iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Wurin da nake yawan samun saɓani da masu aiki shi ne iyakar da wuta za ta ɗauke. Kwantiroli da yawa suna zuwa da 11.1, wanda kusan tatse batir ne ƙarƙaf. Batirin da ya huta ya nuna wajen 12.1 ya riga ya ba da rabin abin da ke cikinsa, don haka nakan ɗaga iyakar zuwa 11.8 ko sama, a kwantirola da kuma inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wutar gida, tunda ita inbata kai tsaye take ja daga batir. Mai gida zai yi kukan fanka tana tsayawa kafin asuba, ni kuma in nuna masa cewa maganin hakan rage kaya ne ko ƙarin batir da faranti. Batir mai amp 200 yana bukatar caji wajen amp 20, kuma idan hadarin Agusta ko ƙurar hunturu ta hana shi cika kwanaki a jere, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa ya ƙi narkewa.

Saboda haka duk inda muka gama aiki nakan rubuta lambobin saitin da kwanan wata a kati in manna a bango kusa da kwantirolar. Inda babu wayar auna zafi, ina komawa da kaina a watan Maris in sauke saitin, in sake komawa a Nuwamba in mayar da shi.