Fiyano ta waya, kalangu ta makirufo

Duk waƙar da zan haɗa a ɗan situdiyona, abin da nake fara yankewa shi ne wane kayan kiɗa zai shiga ta MIDI, wato tsarin da fiyano ke aika wa kwamfuta saƙo, wane ne kuma sai an kafa masa makirufo. Yaran da ke zuwa koyon aiki kan ɗauka duk ɗaya ne, tunda a fuskar manhajar haɗa kiɗa irin Cubase ko FL Studio layuka ne kawai jere, wani bisa wani.

MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. In ka danna fiyanon Yamaha irin wanda ya cika situdiyoyin Kano, abin da ke shiga kwamfuta saƙo ne: wane maɓalli aka taɓa, yaushe aka sake shi, da wane ƙarfi, a ma'aunin da ya tsaya a 127. Haka tsarin yake tun 1983, da Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi mai kamfanin Roland suka jagoranci samar da shi. Ribarsa kuwa sai ranar da mawaƙiya ta ce, "Yaya, kiɗan nan ya yi mini sama." Sai in ja layukan duka in sauke su mataki biyu, ba tare da na sake buga komai ba. In sautin sarewa bai dace ba, in mayar da shi goge nan take.

Amma kalangu ba na yarda a yi mini shi da fiyano, kuma a nan muke yawan saɓawa da abokan sana'a. Makaɗi yana matse igiyoyin a hammata yana sassautawa, muryar gangar na hawa tana sauka a cikin bugu guda, shi ya sa take iya faɗin kirari har mai sauraro ya gane sunan da aka kira. Ɗan zoben lanƙwasa sauti da ke gefen fiyano yana iya kwaikwayo, amma duk wanda ya taso yana jin kiɗan mahauta zai gane na roba ne. Sai in kira makaɗi, in ba shi layinsa na sauti shi kaɗai. Bayan ya gama kuma ba na taɓa umarnin nan da ke jan kowane bugu ya zauna daidai kan zanen lokaci. Ɗan jinkirin da yake yi da gangan kafin ya faɗa kan gaɓa, shi ke sa mutum gyaɗa kai. A ganga ta MIDI ma rabin gyaran nake yi.

Wajen ɗaukar murya, abin da ya fi rikita mawaƙi shi ne ya ji kansa a hedifon a makare. Laifin bafa ne, wato ɗan ma'ajin da kwamfuta ke tara sauti kafin ta sarrafa shi. In tana kan gutsuren sauti 1024, ana kuma ɗaukar gutsure 44,100 a sakan guda, jinkirinta kaɗai ya kai milisakan 23, ban da na fita. In na sauke ta zuwa 128 sai ya koma kusan 3, kunne ba ya kamawa. Sai an zo gauraya, lokacin da kwamfutar ke nishi, nake mayar da ita sama. Ina ɗauka a bit 24 na ma'aunin ingancin sauti, kuma ba na barin allurar awon ƙarfin sauti ta matso ja, don muryar da ta fashe a ɗauka ba ta da magani. Fanka a kashe, ko da zafin Afrilu ne. Janareta kuma can bayan gida. 'Yan amshi nakan sa su maimaita baiti sau biyu a layi daban-daban, in tura ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafin layi guda ba ya ba da wannan faɗin, ƙara kawai yake ƙarawa.

In an kammala, kowane layin MIDI sai na juya shi zuwa fayil ɗin sauti na WAV na ajiye tare da na asali. Kwamfuta kan mutu, manhajar da ta ba ka wancan sautin ta ƙi hawa sabuwa, mai waƙa kuma ya dawo bayan shekara biyu yana son a ƙara masa baiti ɗaya na biki.