Godiya ga Allah da ku, an sallami autana

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

An sallame mu. Auta yana gida, yana shan kunu da ɗan farfesu, jiya har ya taka da ƙafarsa zuwa bakin ƙofa ya dawo. Ya rame ƙwarai, ɗinkin ma bai gama kamewa ba, amma likita ya ce abin da ya rage sai abinci da hutu da wankin ciwo. Ni kuwa tun da muka shigo gida barci nake ta yi, in farka in koma. Saƙonninku suna nan jibge a waya ban amsa ba. Ku yi mini haƙuri, ku karɓi wannan a madadin amsar kowa.

Ba sai na maimaita labarin ba, kun bi shi tun ranar da aka ce taifot ya huda masa hanji. Daren tiyata ta biyu kaɗai nake so in yi magana a kai, lokacin da ɗinkin farko ya saki, cikinsa ya sake kumbura. Likita ya ja mu gefe ni da babansa, ya faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa yaron ya galabaita, jininsa ya yi ƙasa, za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Babansa ya sa hannu a takarda, ya fita neman jini. Aka tura gadon ciki aka rufe ƙofa, aka bar ni a tsaye da silifas ɗinsa a hannu. Na buɗe baki in yi addu'a, ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Shekara da shekaru ina koya wa yara ayoyi a makarantar Lahadi, amma a daren nan na nemi ko guda a kaina na rasa. Tsoro ne zalla.

A haka Mama Ma'aji ta Zumuntar Mata ta same ni. Na san ba za ta so in ambace ta ba, ta yafe mini. Duk wanda ke ikkilisiyarmu ya san a bara ta binne 'yarta, bayan mun yi azumi mun yi addu'ar dare, mun roƙi Allah da hawaye. Matar nan ce ta baro gidanta a Brigade cikin dare, ta zo da tabarma da bokiti da filas na kunu. Da ta shimfiɗa tabarmar sai na gane ta, ita ce dai wadda ta yi jinyar 'yarta a kai, ga gefen da ya zare aka ɗinke da zaren buhu, na sha zama a kanta lokacin da muke zuwa dubiya. Ta karɓi silifas ɗin daga hannuna ta ajiye, ta zaunar da ni, ta yafa mini zanenta na Zumunta saboda jikina rawa yake yi.

Tun rana mutane suke kirana suna cewa ba zai mutu ba cikin sunan Yesu. Na gode musu, ƙauna ce ta sa. Ita ba ta faɗi haka ba. Cewa ta yi, "Ƙanwata, ba zan ce miki zai tashi ba, don ban sani ba. Abin da na sani, wanda ya riƙe ni a bara yana nan, bai tafi ko'ina ba." Ta ciro Littafi Mai Tsarki daga jaka, tsohon juyin nan na 1932 da iyayenmu suka koyi karatu da shi, bangonsa duk ya saɓule, ta haska da fitilar waya ta karanta mini Romawa 14:8, inda Bulus ke cewa ko muna raye ko mun mutu, mu na Ubangiji ne. Sannan ta yi addu'a. Ta roƙi ran yarona da ƙarfi, ta kira sunansa, ta ambaci hannuwan likitoci. A ƙarshe ta ce, Uba, nufinka za a yi. Na sha jin wannan magana a bakin mutane, amma a bakin uwar da ta san abin da nufin nan ya taɓa karɓa daga hannunta, nauyinta daban ne. A nan kukana ya ɓalle, kuma a nan na iya cewa amin.

Tun da aka fito da shi da rai, mutane da dama sun ce mini, Maman Auta, bangaskiyarki ce ta tashe shi. Don Allah a daina faɗa mini haka. Ina can, na san abin da ke zuciyata a daren. In da ƙarfin bangaskiya ake sayen rai, da 'yar Mama Ma'aji tana nan tana rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa, don uwarta ta fi ni nesa ba kusa ba. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. A farkon surar Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. A aya ta gaba ya kama Bitrus, aka ɗaure shi da sarƙa biyu tsakanin sojoji biyu, mala'ika ya zo ya tashe shi daga barci, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Dukansu manzanni ne, dukansu na cikin ukun da Yesu ya fi ja kusa da shi. Kuma masu addu'ar da suka taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus, da Roda ta ce musu Bitrus yana bakin ƙofa, ce mata suka yi ta haukace. Ba a gaya mana dalilin da ya sa aka buɗe wa ɗaya ƙofa aka karɓi ɗaya ba. An dai nuna mana cewa Hirudus ba shi ne mai iko ba, don kafin surar ta ƙare shi kansa ya mutu, maganar Allah kuwa ta ci gaba da yaɗuwa.

Shi ya sa zuciyata ba ta kwanta da masu tallan mai da ruwan mu'ujiza ba, waɗanda har asibiti suke bin mutum suna cewa ka ba da kaza Allah zai yi kaza. Allah ba ya karɓar ciniki. Abokan Daniyel uku sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderun wuta, kuma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Irin wannan tsayuwar na gani zaune kusa da ni a kan tabarma.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai babansa. Kafin a tura shi ciki, Auta ya kama yatsana, muryarsa da ƙyar take fita, ya ce, "Mama, kar ki ji tsoro, ni na Yesu ne." Yaron da aka yi wa baftisma a Istar da ta wuce. A lokacin maganar ƙara mini zafi ta yi, na ɗauka sallama yake yi mini. Sai bayan addu'ar Mama na gane cewa babban abin da uwa za ta ji wa ɗanta tsoro an riga an gama da shi a kan gicciye, tun kafin a haife shi, tun kafin a haife ni. Afisawa 2:8 da 9 sun ce ta alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, baiwar Allah ce, ba ladan aikinmu ba. Wuƙar likita ba ta isa wurin ba, taifot ma bai isa ba. Wanda bai hana mu Ɗansa ba, kamar yadda Romawa 8:32 ta ce, shi ne yake riƙe da nawa ɗan a ɗakin tiyata. Ina murna da warakarsa har ban san yadda zan faɗa ba. Amma da an fito da wani labarin dabam, Allah yana nan a kan kursiyinsa, mai alheri ne, ko da yake na san da bakina ya daɗe kafin ya iya furta hakan.

Yanzu godiya. Alhaji maƙwabcinmu mai shago a Kwari, kai ka fito da motarka tsakar dare ranar farko, lokacin da babu adaidaita sahu ko ɗaya a titi saboda dokar hana su fita bayan ƙarfe 10, kuma ba ka tafi ba sai da aka ba mu gado. Hajiya kuma abincinta bai yanke ba. Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuriya, ya bar zumunci. Zumuntar matasa, kun yi layi a ɗakin gwajin jini, waɗanda jininsu bai dace ba har ɓacin rai suka yi. Jinin wasunku yana jikin ɗana yanzu. Ubangiji ya kiyaye ƙuruciyarku, ya buɗe muku ƙofofin karatu da aiki. Baba Fasto da dattawan ikkilisiya, baikon da aka tara ya biya tiyata ta biyu. Likitoci da ma'aikatan jinya, musamman Sistar dare mai gilashi da take zuwa duba ƙarin ruwa ba sai an kira ta ba, Allah ya ba ku lada. Malam mai shayi na bakin asibiti, da ya ƙi karɓar kuɗin ruwan zafi, Allah ya sa albarka a tukunyarka. Da wanda ya turo kuɗi ya ɓoye sunansa, Uban da yake gani a ɓoye ya san ka.

Akwai 'yan'uwa na jini da na yi ta duban ƙofa ko za su shigo. Daga Kaduna zuwa Kano ba wata tafiya ba ce, waya kuma tana hannun kowa. Wataƙila akwai uzuri. Na bar shi a nan, ƙofarmu a buɗe take.

Ya Ubangiji, ka tuna da waɗanda muka baro a ɗakin, da iyayen da suke kwana a ƙasa kusa da gadajen 'ya'yansu, da masu riƙe da takardar magani ba kuɗin saya. Ka ta'azantar da waɗanda suka fita da gawa muna kallo. Ka share hawayen Mama Ma'aji, ka cika gidanta da salamarka, ka sa ta ga alherinka a kan sauran 'ya'yanta da jikokinta. Ka sa ran da ka mayar mini ya zama naka dukan kwanakinsa. Amin.

Iyaye, zazzaɓin da ya wuce 'yan kwanaki a je a yi gwaji, kar a tsaya ga kemis. Daga ruwa da abinci marasa tsabta taifot yake shiga, kuma likitan ya ce hudawar hanji ta fi zuwa a mako na uku. Ruwan 'yan garuwa a tafasa kafin a sha.

Masu son zuwa dubiya, ku zo bayan ƙarfe 4 na yamma, da safe ake wanke masa ciwo yana kuma buƙatar barci. Za mu yi godiya a sujadar Hausa ranar Lahadin ƙarshen wata, in Ubangiji ya yarda. Matan Zumunta, ku zo da ankonku.

Taku cikin Almasihu,
Maman Auta