Ƙofofin da aka buɗe a watan Janairu

Na daɗe ina da wani ɗan littafi da nake rubuta ranakun tarihi a cikinsa, kuma duk shigowar sabuwar shekara nakan koma shafin Janairu in sake karanta abin da na tara. A bana ne na lura cewa kusan duk abin da na rubuta a wannan shafi game da fasaha da al'adu ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: wane ne aka yarje wa ya gani, kuma a hannun wa makulli yake?

Ranar farko ta watan ma kanta tana da nata labarin. A ƙasashe da dama haƙƙin mallakar littafi ko zane yana ƙarewa ne shekara 70 bayan rasuwar mai shi, kuma da yake sai shekara ta cika ake rufe lissafi, ayyukan sukan zama na kowa da kowa ranar 1 ga Janairu. A Amurka tsofaffin ayyuka sukan jira shekara 95 daga lokacin da aka wallafa su, shi ya sa siffar farko ta Mickey Mouse, wadda ta fito a 1928, ba ta kuɓuta daga hannun kamfanin Disney ba sai ranar 1 ga Janairun 2024. Da ta kuɓuta tun shekara 20 kafin nan, ba don wata doka ta 1998 da ta tsawaita wa'adin ba.

Ranar 7 ga Janairun 1839 kuwa, masanin kimiyya François Arago ya tsaya a gaban Majalisar Kimiyya ta Faransa ya sanar da cewa Louis Daguerre ya gano hanyar kama siffar abu a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa. Daga cikin hotunan farko da Daguerre ya ɗauka akwai na wani babban titi a birnin Faris, wanda idan mutum ya dube shi sai ya ɗauka gari ne da aka watse. Dalili shi ne farantin yana buƙatar mintuna da dama kafin ya kama haske, don haka kekunan doki da masu tafiya a ƙasa duk suka shuɗe ba su bar alama ba. Can ƙasa ta gefen hagu ne kawai ake ganin wani mutum tsaye, ƙafa ɗaya a ɗage, ana goge masa takalmi. Tsayuwar da ya yi ce ta sa ya shiga tarihi, alhali bai san ana kallonsa ba. A watan Agustan shekarar gwamnatin Faransa ta sayi fasahar, ta yanka wa Daguerre fansho, ta ce ta ba duniya kyauta. Sai dai 'yan kwanaki kafin wannan sanarwa an riga an yi wa fasahar rajistar mallaka a Ingila, ta yadda mai son ɗaukar hoto a can dole ya biya kuɗin lasisi. Kyautar ta tsaya a bakin teku.

Ranar da ta fi jan hankalina ita ce 15 ga wata, domin sau biyu ta bayyana a shafin, kuma shekara 218 ce tsakaninsu.

A ranar 15 ga Janairun 1759 aka buɗe Gidan Tarihin Birtaniya a Landan. Tushensa kayan da wani likita mai suna Hans Sloane ya tara ne, kimanin abubuwa 71,000 da suka haɗa da littattafai da busassun tsirrai da tsabar kuɗi na dā, waɗanda majalisar dokoki ta karɓa bayan rasuwarsa a 1753, ta biya magadansa fam 20,000. Wani ɓangare na dukiyar da ta ba shi damar wannan tari daga gonakin rake na Jamaika ta fito, inda bayi ke aiki. An ce gidan na duk mai son ilimi ne, kuma ba a karɓar ko sisi a ƙofa, wanda a wancan zamani abu ne sabo ƙwarai. Amma shiga ba ta da sauƙi: sai mutum ya rubuta takardar neman izini da sunansa da matsayinsa, ya dawo wata rana ya karɓi tikiti, sannan a zagaya da shi cikin ƙaramin rukuni, ma'aikaci na gaba yana hanzarta su. Duk da haka ba na raina wannan rana, domin daga irinta ne tunanin cewa talaka ma yana da haƙƙin ganin taskar da dā sarakuna kaɗai ke gani ya samu gindin zama.

Tsakanin ranakun biyu akwai wani Janairu mai ɗaci. Ranar 4 ga Janairun 1897 aka far wa tawagar James Phillips, muƙaddashin babban jami'in Birtaniya a wani yanki na kudancin Najeriya ta yau, a kan hanyarta ta zuwa birnin Benin, bayan an aika masa cewa ya dakata. Cikin Turawan tawagar, biyu kaɗai suka tsira. A watan Fabrairu rundunar ramuwa mai mutum kimanin 1,200 ta ci birnin, aka ƙone shi, aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fada, daga baya kuma aka kori sarkin Benin, Oba Ovonramwen, zuwa Kalaba, inda ya rasu a 1914. Cikin abin da aka kwasa har da wata 'yar fuska ta hauren giwa da aka sassaƙa a ƙarni na 16, wadda masana ke ɗauka siffar Idia ce, mahaifiyar Oba Esigie. Tsawonta bai fi taƙi ɗaya da kaɗan ba. Idanunta a buɗe suke cikin natsuwa, akwai zane biyu a tsaye a goshinta, a saman kanta kuma an jera ƙananan kawunan Turawan Fotugal masu gemu, waɗanda masarautar ke ciniki da su a lokacin. Mai sassaƙar ya mayar da waɗannan baƙi adon kan uwar sarki, ba tare da ya san jikokin wasu baƙin za su ɗauke aikin nasa ba. A 1910 fuskar ta shiga Gidan Tarihin Birtaniya.

Ranar 15 ga Janairun 1977 aka buɗe bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu a Legas, wanda aka fi sani da FESTAC, bayan na farko da aka yi a Dakar a 1966. Mahalarta kimanin 16,000 daga ƙasashe 56 suka hallara har zuwa 12 ga Fabrairu, cikinsu da Miriam Makeba da Stevie Wonder da Gilberto Gil. Wannan fuska ta Idia ita aka zaɓa ta zama tambarin bikin. Aka nemi Landan ta ba da aronta, aka ƙi, bisa hujjar cewa ta yi rauni da yawa, ba za ta jure tafiya ba. Sai aka sa masu sassaƙa suka yi wata kamarta, aka yi bikin wata guda cur a ƙarƙashin kwaikwayon abin da aka sassaƙa a ƙasar tun asali.

Hujjar da aka saba kafawa wajen ƙin mayar da irin waɗannan kaya ita ce kayan sun fi samun tsaro a inda suke, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. A ƙarshen Janairun 2013, yayin da sojojin Faransa da na Mali ke kusantar Tambutu, masu tayar da ƙayar baya sun cinna wa rubuce-rubucen hannu wuta a Cibiyar Ahmad Baba, aka yi asarar kimanin 4,000. Amma wannan labari yana da ɗaya gefen, domin tun watanni kafin nan Abdulƙadir Haidara, wani mai kula da ɗakin karatu a Tambutu, da iyalan da suka gaji ɗakunan karatu na birnin sun riga sun fitar da mafi yawan littattafan a ɓoye, cikin akwatunan ƙarfe, wasu a mota wasu a kwale-kwale ta kogin Neja, har Bamako. Masu kayan ne suka tsirar da kayansu, da ransu a hannu.

A watan Disamban 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya kashin farko na kayan Benin da ke gidajen tarihinta. Gidan Tarihin Birtaniya kuwa yana kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke cikin taskarsa, don haka fuskar Idia tana nan a Landan, kuma har yau ba a karɓar kuɗi a ƙofa daga duk wanda ya samu biza.