Daga Ƙofar Ƙaura zuwa bakin Bahar Maliya

Ofishina ɗaki ɗaya ne a wajen Ƙofar Ƙaura, ni da yara biyu. Abincinmu tikitin jirgi da biza. Umara ta fi yawa, sai masu zuwa Alƙahira ganin likita. Nutso a teku bai taɓa shiga lissafina ba. Bakatsine, in ka cire dam ɗin Zobe da na Jibiya, ina ya ga ruwan da zai shanye kansa?

Ɗan wani Alhaji ne ya jawo ni. Ya raka tsohonsa asibiti a Masar, da aka samu sauƙi ya ce in haɗa masa kwana biyar a Dahab, wani ƙaramin gari a yankin Sina'i, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota daga Sharm el-Sheikh. Da ya dawo ya cika mini kunne da labarin nutso, har na je na gani da idona.

Abin da ya sa Dahab ta dace da aljihun mutanenmu, ba a hayar jirgin ruwa. A-kori-kura ce ke kwasar kaya zuwa bakin teku, a shimfiɗa tabarma, kowa ya shirya. Silindar iska mai lita 12 a baya, ɗamarar dalma a ƙugu, takalman nan masu kamar ƙafar agwagwa a hannu, kana taka duwatsu a duƙe kamar wanda aka aza wa buhun gero. Ruwa na kai maka ƙirji nauyin ya ɓace. Ka ɗan yi gaba kaɗan, ga murjani, ga kifaye kala-kala suna wuce ka ko a jikinsu. Kunne ne ke fara ƙorafi, sai ka toshe hanci ka hura a hankali ya buɗe.

Sabon shiga yana yin kwas na kwana uku zuwa huɗu, takardar farko ta PADI, ƙungiyar koyar da nutso, kuma zurfin mita 18 ta ba shi, ba ƙari. Wannan nakan maimaita shi ga duk mai ambaton Blue Hole, ramin cikin teku kusa da Dahab da zurfinsa ya kai mita 100, wanda ya ci mutane da dama masu neman ƙure shi.

Kuskuren da ya ci mini kuɗi na tikiti ne. Na sa wa wasu samari biyu jirgi da asuba, alhali suna da nutso da la'asar, ana gobe za su tashi. Malaminsu na nutso ya ƙi shiga ruwa da su, ya kira ni a WhatsApp. Ashe iskar naitirojin na taruwa a jiki a ƙarƙashin ruwa, in aka hau sama kafin ta fita sai ta yi kumfa a jini. Bayan nutso na kwanaki, aƙalla awa 18 ake jira, da yawa ma kwana guda suke so. Samarin suka ce sun biya, ba su yarda a rage musu komai ba. Ni na canza tikitin daga aljihuna.

Yanzu ranar ƙarshe ta shan shayin Badawiyyai ce da sayen tsaraba. Wani ya ce, «Alhaji, kwana guda a banza?» Na ce, «Ranka ya daɗe, na riga na biya kuɗin wannan karatun.» Ya yi dariya, ya tambayi nawa dala ta kwana yau.