Yau lissafina da gam sun raba hanya

Talata. Tun ƙarfe bakwai na fita daga gida da haɗaɗɗun bututan alminiyam ɗina guda shida a cikin leda, na tari napep daga Ƙofar Ƙaura zuwa makaranta, mai napep ɗin sai kallon ledar yake yana tambayata wai ko famfo nake gyarawa. Na ce mashi furojet ne, ya ce Allah ya ba da sa'a da irin muryar da ke nuna bai yarda ba.

Abun da nake yi dai shi ne, a zura ƙaramin bututu cikin babba a haɗa su da gam irin Araldite ba walda ba, sannan kafin a ja su a inji in faɗi nauyin da za su ɗauka kafin su rabu. Lissafin da na yi daren jiya mai sauƙi ne wlh, faɗin bakin bututun milimita 25, inda suka haɗu milimita 20, ka ninka 3.14 da 25 da 20 ka samu milimita sukwaya 1570, in ka ɗauka gam ɗin zai jure megafaskal 15, wato kusan kilo ɗaya da rabi a kan kowane milimita sukwaya, to kusan tan biyu da rabi ke nan. Na kwanta ina jin kaina injiniya.

Na farko da muka ja ya rabu tun bai kai can ba. Na ce to wata ƙila tsautsayi ne, bari mu ja masu haɗin milimita 40, ai tunda na ninka tsawon dole ƙarfin ya ninka. Bai ninka ba, ya dai ƙaru amma ko kusa. Malam yana tsaye bayana hannu a aljihu, ya ce kai yaro ka ɗauka duk gam ɗin ne ke ɗaukar kaya daidai wa daida? Ya jawo takarda ya zana mani layi mai tudu a gefe biyu da kwari a tsakiya, wai nauyin a bakin haɗin yake taruwa, tsakiya kuwa kusan hutawa yake, shi ya sa in ka yi ta ƙara tsawo tsakiyar kawai kake ƙarawa. Ashe wani masani Volkersen ya nuna haka tun 1938 a haɗin falle kan falle, Lubkin da Reissner kuma suka yi na bututu a 1956, ni ina nan a Katsina ina ganowa da kuɗin Araldite ɗina. Na ce Malam to ya za a yi a hango ƙarfin? Ya ce sai a kwamfuta, a yayyanka haɗin ƙanana-ƙanana a manhaja irin Abaqus ko ANSYS a ga inda tsagewa za ta fara, amma ita ma kwamfutar abin da ka ba ta shi za ta dawo maka da shi, in ka ce mata gam ɗinka siriri ne kamar milimita 0.2 alhali ka laɓta shi kamar man shanu a kan tuwo, laifin wa?

Wanda ya fi ba ni kunya na huɗu ne. Da ya rabu sai ga bututun ciki fes, yana sheƙi, gam ɗin gaba ɗaya ya bi na waje kamar ɓawon ƙwai. Sauran kuwa gam ne a ɓangarorin biyu, a jikin gam ɗin ya tsage, wanda shi ake so. Malam ya juya shi a hannu ya ce wanga ka goge shi da samfefa? Na ce eh. Ka wanke da asiton? Na yi shiru. Gaskiya ranar asiton ɗin, wato ruwan da ake cire maiƙo da shi, ya ƙare kuma na ci awara kafin in taɓa shi, man hannuna ne ya shiga tsakani.

Da yamma na biya shagon Kawu, shi aikin famfo yake yi shekara da shekaru, ina ba shi labari yana dariya har da riƙe ciki, ya ce ɗana mu da muke haɗa fayif kullum ba mu taɓa lissafi ba. Na ce Kawu naku daban ne, gam ɗin fayif ɗin roba narkar da fatar robar yake yi su zama abu ɗaya, nawa kuwa tsakanin ƙarfe biyu yake zaune. Ya ce ko ma dai mene ne, in akwai ƙura ko ruwa a bakin fayif ba ya kamawa, wannan ko yaron shagona ya sani. Ban da amsa.

Saura bututu biyu kuma kuɗin gam sai ƙarshen wata. Na sayo asiton ƙaramar kwalba a hanya, gobe da safe zan sake haɗa na huɗun, awara sai bayan na gama.